Yadda Ake Aiki da Murhun Itace Mai Sarrafa Iskarsa da Kansa ta Rimot

Murhun da ake magana a kansa a nan shi ne na ɗumama ɗaki lokacin sanyi: rufaffen akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, an shimfiɗa masa tubalin da ke jure zafi a ciki, hayaƙinsa na fita ta bututu zuwa saman rufi. A na gargajiya, mai gida ne ke jan wani ƙarfe gaba da baya don ya ƙara wa wuta iska ko ya rage mata. A irin wannan kuwa an ɗauke masa wannan aikin. Akwai wata 'yar kwamfuta a ƙasan murhun ko a bayansa, da ƙananan injina masu buɗe ƙofofin iska da rufe su, da na'urar auna zafin hayaƙi. Wasu an ƙara musu na'urar da ke auna yawan iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙin, irin wadda ake sakawa a salansar mota. Kamfanoni irin su HWAM na Danmak da RIKA na Ostiriya suna ƙera irinsa, kuma kowanne da yadda ya tsara madannansa, amma asalin aikin ɗaya ne.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, iska kaɗai na'urar take juyawa. Ba ta zuba itace, ba ta busar da ɗanye, ba ta kashe wutar da ta riga ta kama. Yawan zafin da ɗaki zai samu yana cikin itacen da ka ɗauko da hannunka ka saka. Rimot sai dai ya ce a saki zafin nan da sauri ko a hankali, shi ma iya gwargwadon da wuta za ta ci gaba da ci ba tare da ta turnuƙe ba. Yawancin ƙorafin da ake yi wa wannan murhu daga rashin fahimtar wannan yake tasowa. Kada a rikita shi da murhun da ke cin dunƙulallun ƙwayoyin garin katako, wanda ke da rumbunsa, yana ciyar da kansa yana kunna kansa. Wannan na faskare ne.

Itace tukuna, kafin a zo ga madanni

Itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda murhu ke so shi ne wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, kuma kafin ya kai nan sai an faskara shi an jera a wuri mai iska, an ɗaga shi daga ƙasa, an rufe samansa kaɗai an bar gefuna a buɗe, ya yi shekara ɗaya zuwa biyu, gwargwadon irin icen da yanayin wurin. Maganar ta kai har Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ma'auni don ƙonawa a gida tun daga watan Mayu na 2021, kuma ƙa'idar da ta sa ita ce wannan kashi 20 ɗin.

Ka samu 'yar na'urar auna danshi mai tsinke biyu. Kada ka soka ta a bakin icen da ya daɗe yana shan iska, domin waje kan bushe ciki na jiƙe. Faskara guda ɗaya, ka soka a tsakiyar sabuwar fuskar da ta bayyana. Wannan ne awo na gaskiya. In babu na'urar, busasshen ice ba shi da nauyi, bakinsa a tsattsage yake, kuma idan ka gwara biyu za ka ji ƙara mai kaifi.

Me ya sa na dage a kan wannan alhali murhun mai sarrafa kansa ne? Saboda ɗanyen ice yana ruɗa na'urar. Zafin da ya kamata ya hau sai ya tafi wajen tafasa ruwan da ke cikin icen. Na'ura ta ga hayaƙi bai yi zafi ba, ta buɗe iska. Iska ta shigo da yawa ta ƙara sanyaya cikin murhun ta kwashe ɗan zafin da ke akwai ta yi waje da shi. Kai kuma kana zaune kana danna rimot, gilashi na baƙi, ɗaki na sanyi.

Abin da ba ya shiga murhun ko kaɗan: katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin gara, falankin da aka haɗa da gam, leda, roba, tsumma, shara, da icen da ya sha ruwan teku. Hayaƙinsu guba ne, kuma suna cinye ƙarfe su lalata na'urar auna hayaƙi. Kwal ma ba a saka shi sai in maƙerin ya rubuta cewa murhun na ci. Fetur da kalanzir kuwa ko kusa da murhun kada a kawo su.

Shirya rimot da na'urar

Jona murhun a soket ɗinsa. A yawancinsu za ka ji 'yar ƙarar injina na ɗan lokaci: ƙofofin iska ne ke buɗewa su rufe don na'urar ta gane iyakarsu. Bari ta gama kafin ka taɓa komai. Saka sababbin batura a rimot. Idan karon farko ne, sai an haɗa su su san juna, galibi ta danne wani madanni a jikin akwatin na'urar sannan a danne wani a rimot har alamar sadarwa ta tsaya cak a allo. Masu aiki da manhajar waya ma haka ne, sai dai ta waya ake bi. Sau ɗaya ake yin wannan.

Sai batun inda rimot zai zauna, wanda mutane ke rainawa. A murhuna da yawa ma'aunin zafin ɗaki yana cikin rimot ɗin ne, ko cikin wata 'yar na'ura daban da ake ajiyewa a ɗakin. Duk abin da ya ji, shi zai faɗa wa murhu. Ka ɗora shi gaban gilashin murhu, zai ce ɗaki ya yi zafi alhali ƙafafunka na daskarewa, murhu ya rage wuta. Ka ajiye shi a bakin taga, zai ce ana sanyi har abada, murhu ya yi ta cin ice. Wurinsa shi ne inda mutane ke zama, tsayin tebur ko sama kaɗan, nesa da hasken rana, nesa da talabijin da fitila masu fitar da zafi, nesa da ƙofar da ake yawan buɗewa. Riƙe shi a hannu na dogon lokaci ma yana ɗumama shi ya ba da labarin ƙarya. Zaɓa masa wuri ɗaya ka bar shi.

Duba kafin ashana

Buɗe ƙofa ka dubi toka. Ba a share ta tas. 'Yar shimfiɗa mai kaurin santimita ɗaya ko biyu tana riƙe zafin garwashi, amma kada ta toshe ramukan da iska ke shigowa. Aljihun toka na ƙasa ya kasance bai cika ba, kuma ya rufu sosai, domin iskar da ta sato hanya ta nan na'urar ba ta da iko a kanta. Kawar da duk abin da ke iya kamawa daga gaban gilashi: kujera, labule, kayan shanya, kwandon ice. Tazarar da ake buƙata tana rubuce a farantin da ke jikin murhun, ta gaba kuma kan kai kusan mita ɗaya.

Idan akwai fanka mai zuƙe hayaƙi a kicin ko banɗaki, kashe ta lokacin kunnawa. A gidan da ba ya shan iska ta ko'ina, tana iya janyo hayaƙi daga bututu ya dawo ɗaki. Murhun da aka jawo masa bututun iska kai tsaye daga waje ya fi samun sauƙin wannan, amma shi ma idan ƙofarsa na buɗe, iskar ɗaki ce ke aiki.

Gwada jan bututu. Kunna ashana ka riƙe a saman bakin murhun. Harshen ya karkata ciki, bututu na ja. Ya karkato wajenka, sanyin iska ne ke saukowa. Hakan kan faru idan murhu ya daɗe ba a kunna ba, ko ranar da zafin waje bai bambanta da na ɗaki sosai ba. Buɗe taga kaɗan, ka murɗe takarda ka kunna ta can sama cikin murhun don ta ɗumama bututun, har jan ya juya.

Hura wuta daga sama

Wannan shi ne inda al'adar hannu kan yi gardama, domin mun saba sa ƙirare a ƙasa manya a sama. A rufaffen murhu juyawa ake yi. Kwantar da faskare biyu ko uku matsakaita a ƙasa, da 'yar tazara tsakaninsu. A kansu ka gicciya ƙananan tsage-tsage masu kaurin yatsa, hawa biyu ko uku, kowane hawa ya gicciye na ƙasansa. Can sama, tsakanin ƙirare, ka sa ƙwayar kunna wuta guda ɗaya ko biyu, irin ta zaren katako da kakin zuma.

Dalilin shi ne, ice ba ya ci kai tsaye. Idan ya yi zafi yakan saki wani tururi mai kamawa, kuma wannan tururin ne harshen wutar da kake gani. Wanda bai samu wuta ba shi ne hayaƙi. Idan wutar tana sama, duk abin da icen ƙasa ya saki dole ya ratsa ta cikinta ya ƙone kafin ya kai bututu. Bututun ma yakan yi saurin ɗumi, na'urar auna zafi ta yi saurin gane cewa an kunna.

Yanzu ka sanar da na'urar. Wasu murhunan da zarar ka buɗe ƙofa sun sani, sai su buɗe iska gaba ɗaya. Wasu sai ka danna madannin farawa a rimot. Tabbatar allo ya nuna matakin kunnawa kafin ka ƙyasta ashana, don kada ka kunna wuta ƙofofin iska na rufe. Kunna ƙwayar, ka rufe ƙofa. Idan maƙerin ya yarda a bar ƙofa a ɗan sage na 'yan mintuna, yi hakan kana tsaye a wurin, kada ka je ko'ina. Da yawa daga masu sarrafa kansu ma so suke a rufe nan take, domin buɗaɗɗiyar ƙofa tana ɓata musu awo.

Daga nan sai haƙuri. Minti goma sha biyar zuwa ashirin na farko, murhu zai ci bal-bal ko da ka sa rimot a mataki mafi ƙanƙanta. Ba lalacewa ba ce. An tsara shi ne ya fara kai cikinsa ga zafin da tururin ice ke ƙonewa sosai, wanda ya kai kusan digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, kafin ya saurari buƙatarka. Zubin farko na ɗumama murhu da bututu ne. Ɗaki sai a na biyu yake fara jin daɗi sosai.

Idan sabon murhu ne fil, wutar farko da ta biyu su kasance ƙanana, a ƙara a hankali. Fentin jikinsa zai yi wari har da ɗan hayaƙi yayin da yake gasuwa. Buɗe tagogi, kada ka taɓa fentin yana da laushi.

Zaɓen mataki

Rimot kan ba ka ɗaya daga cikin hanya biyu, wani lokaci duka. Ta farko matakan ƙarfin wuta ne, daga ƙasa zuwa sama. Ta biyu kuma ka faɗi zafin ɗakin da kake so, misali digiri 21, na'urar ta riƙa kwatanta shi da abin da ma'auni ke ji tana ƙara iska ko ragewa. Fara da matakin tsakiya. Ka bar shi zubi guda cur kafin ka yanke hukunci.

Ƙarfe da tubali ba sa amsawa nan take. Ka rage mataki yanzu, harshen wuta zai lafa cikin 'yan mintuna, amma jikin murhun zai ci gaba da fitar da zafin da ya tara. Mai danna sama da ƙasa kowane minti biyar yana hana na'urar daidaituwa ne kawai. Canza mataki ɗaya, ka jira kwata na awa.

Ga lissafin da ya fi kowane madanni amfani. Kilo ɗaya na busasshen ice yana ɗauke da zafi kusan kilowat-awa 4 (ma'aunin yawan zafi ke nan: kilowat-awa ɗaya shi ne ƙarfin kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Murhu mai kyau yana miƙa wa ɗaki kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan. Ke nan kilo ɗaya da rabi zai ba ka kusan kilowat-awa 5, kuma irin wannan zubin kan ƙone cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Wannan shi ne abincin murhu mai ƙarfin kilowat 5 ko 6. Idan ka cusa kilo huɗu ka sa rimot a ƙasa kana fatan ɗumi kaɗan na dogon lokaci, zafin kilo huɗun nan yana nan sai ya fito, kuma na'ura mai hankali ba za ta shaƙe wutar ta koma hayaƙi don ta faranta maka ba. Tana da iyakar da ba ta sauka ƙasa da ita. Ɗaki ya yi zafi da yawa? Rage ice a zubi na gaba, ka tsawaita tazara. Ina ba da shawarar ka auna zubi ɗaya a sikeli sau ɗaya, ka ga yadda kilo ɗaya da rabi yake a hannu. Daga nan ido ya isa.

Koyi karanta wutar da idonka kuma, kada allo ya zama shi kaɗai ne shaidarka. Wuta mai lafiya harsunanta masu haske ne, ruwan ɗorawa, suna motsi ba gaggawa, wani lokaci ka ga wasu na rawa can sama kusa da ramukan iska, ba su ma taɓa icen ba. Tubalin ciki ya koma fari ko ruwan ƙasa mai haske. Fita waje ka dubi bakin bututu: bayan wuta ta kama sosai, bai kamata ka ga komai ba sai kaɗawar zafi, ko farin tururi mai saurin ɓacewa ranar sanyi. Harshe ja mai duhu, tubali baƙi, hayaƙi mai kauri a waje, duk suna cewa ko ice ɗanye ne, ko jan bututu ya yi rauni, ko iska na toshe.

Ƙara itace

Na'urar za ta sanar da kai lokacin ƙari, ta hanyar sauti ko walƙiyar fitila ko saƙo a waya. Tana yin haka ne idan harsuna sun ƙare, zafin hayaƙi ya fara sauka, saura jan garwashi. Wannan ne lokacin da ya dace. Kafin nan, buɗe ƙofa zai watso maka hayaƙi. Bayan nan da nisa, garwashin ba zai iya kama sabon ice da sauri ba.

Sa safar hannu mai jure zafi. Sage ƙofar kaɗan ka tsaya daƙiƙa biyar zuwa goma don iska ta daidaita, sannan ka buɗe a hankali. Fizgar ƙofa ita ce ke janyo toka da hayaƙi cikin ɗaki. Baza garwashin da ƙarfen iza wuta, ka ɗan jawo shi gaba. Kwantar da faskare biyu, ko uku ƙanana, fuskar da aka faskara tana kallon garwashi, da tazarar yatsa tsakaninsu. Guda ɗaya tilo ba ya ci da kyau, domin babu ɗan'uwan da zai mayar masa da zafi. Kada tulin ya wuce layin ramukan iska da ke bangon baya, kada kuma ya jingina da gilashi. A ajiye ice a hankali. Jifa yana fasa tubalin ciki.

Rufe ƙofa ka ji ta kama. Na'urar ta ga an buɗe an rufe, za ta buɗe iska har sabon icen ya kama. A murhun da ba shi da abin gane buɗewar ƙofa, kai ne za ka danna madannin ƙari, kuma mantawa da shi kuskure ne mai haɗari. Tsaya har ka ga harshen wuta. Cikin minti biyu ko uku ya kamata ya tashi. Idan ice na hayaƙi kawai ba harshe, tururi mai kamawa na taruwa a ciki, kuma idan ya kama gaba ɗaya yakan yi wata bugawa da ke iya turo hayaƙi ta kowace kafa, har ta fasa gilashi. Kada ka buɗe ƙofa warwar a kan murhun da ya cika da hayaƙi. Danna farawa ko mataki mafi girma don iska ta shiga, hayaƙin ya ragu, sannan ka sa 'yan ƙirare da ƙwayar kunnawa.

Idan ka yi latti garwashi ya kusa mutuwa, koma tsarin farko: ƙirare, ƙwaya, matakin kunnawa.

Barin wuta ta mutu

Ba a kashe wannan murhu da madanni. Daina ƙara ice kawai. Na'urar za ta bar garwashi ya cinye, sannan ta rufe ƙofofin iska don ɗumin ɗaki kada ya riƙa tserewa ta bututu. Wannan rufewar ta ƙarshe tana cikin manyan amfaninsa, domin mai murhun hannu sau da yawa ya riga ya yi barci a lokacin. Saboda haka kada ka zare soket wuta na ci, kada kuma ka zare shi don kawai harshe ya ɓace. Cika murhu maƙil da daddare don ya kwana yana turnuƙa kuwa ba aikinsa ba ne. Hanyar tara kwalta ce a bututu.

Idan wutar lantarki ta ɗauke murhu na ci, na'urar ta tsaya, wutar itace ba ta tsaya ba. Maƙera sun bambanta a nan: wasu ƙofofin iskarsu kan koma wani matsayi da aka tsara, wasu suna da batirin ko-ta-kwana, wasu suna da ƙarfen juyawa da hannu. Nemo wannan shafin a littafin murhunka tun kafin ranar ta zo, ka gwada a kan murhu mai sanyi. In ba ka da hanyar sarrafa iska da hannu, kada ka ƙara ice har wutar lantarki ta dawo. Mutuwar batirin rimot ba ta kai wannan ba. Galibi murhu kan ci gaba a matakin da aka bar shi, sai dai ya daina jin zafin ɗaki.

Gargaɗin da ba a yi wa kunnen ƙashi

Idan allo ya nuna zafi ya wuce kima, ka zuba ice da yawa ne, ko ƙofa ko aljihun toka bai rufu ba, ko jan bututu ya yi ƙarfi saboda iska mai ƙarfi a waje. Duba ƙofofin, ka bar na'urar ta rage iska, kada ka ƙara komai. Yawan irin wannan yana lanƙwasa ƙarfen ciki. Gargaɗin ƙofa a buɗe alhali ka rufe yana nufin madannin da ke jin ƙofar ya yi datti ko igiyar da ke toshe iska a bakin ƙofa ta saki. Gargaɗin lalacewar na'urar awo ko injin iska kuwa, bari wutar ta mutu, ka kira wanda ya iya gyaransa kafin ka sake kunnawa.

Akwai abin da rimot ba zai gaya maka ba, shi ne iskar kabon monoksaid a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa. Dole a sa na'urar ƙararrawarta a ɗakin da murhu yake, da wata kusa da ɗakunan barci, tare da ƙararrawar hayaƙi, a riƙa danna madannin gwajinsu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutane fiye da ɗaya a gida lokacin da murhu ke ci, a ɗauke su da gaske: a fita waje, a bar ƙofofi a buɗe, a nemi asibiti. Gidan da ke da yara a kewaye murhun da shinge, domin gilashinsa yana ƙona fata da taɓawa ɗaya, a kuma ɗauke rimot daga inda hannunsu ke kaiwa. Kasancewar kana iya ganin murhu a wayarka daga nesa ba izinin fita ka bar sabuwar wuta ita kaɗai ba ne.

Kwaltar bututu tana taruwa ne idan hayaƙi ya yi sanyi ƙasa da kusan digiri 120 ya daskare a bango. Idan ta kama wuta za ka ji ruri mai ƙarfi a bututu, tartsatsi na fita ta sama. Bar ƙofar murhu a rufe, ka rufe iska in kana da hanyar yin haka nan take, ka fitar da kowa, ka kira 'yan kwana-kwana. Kada ka watsa ruwa cikin murhun. Ko wutar ta mutu da kanta, ba a sake kunnawa sai an duba bututun.

Toka, gilashi da gyaran shekara

Garwashi yana iya kwana biyu ko uku da rai a cikin toka. Kwashe ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi, ka ajiye a waje a kan siminti ko ƙasa, nesa da bango da ice. Ba leda, ba kwali, ba injin zuƙe ƙura na gida.

Gilashi sai ya huce ake goge shi. Jiƙa takarda ka dangwala a farar toka mai laushi ka murza, sannan ka bi da busasshiya. Ɗan hazo bayan kwanaki ba komai ba ne. Baƙi kirin cikin yini ɗaya kuwa, koma ka auna danshin icenka.

Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa ita ce ke sa lissafin na'urar ya zama gaskiya. Gwada ta murhu na sanyi: saka takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zare ba turjiya, igiyar ta mutu a wurin, a canza ta. Yi haka a kowane gefe na ƙofar, da na aljihun toka.

A share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, fiye da haka ga mai kunnawa kullum. Gaya wa mai sharar cewa akwai na'urorin awo a hanyar hayaƙi, ka nuna masa inda suke, domin burushinsa na iya lanƙwasa su ko ya tsinke wayarsu. A zare soket kafin a fara. Su kansu na'urorin busasshen burushi mai laushi ya ishe su, ba ruwa, ba sabulu. A duba tubalin ciki: siririyar tsaga ba ta hana aiki, amma wanda ya ɓare har ƙarfen baya ya bayyana a sauya shi. A leƙa hanyar shigar iska daga waje ko ganye ko sheƙar tsuntsu sun toshe ta. Bayan an mayar da komai, jona soket ka saurari injinan iska sun yi zagayensu har ƙarshe ba tare da sun maƙale ba. Idan lokacin sanyi ya wuce za a ajiye murhun na watanni, cire baturan rimot don kada su zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki, ka kwashe tokar duka a wannan karon, domin tana jan danshi ta sa tsatsa.